Tsohuwar tarakta zata iya jan injin ɗaure ciyawa kuwa?

Malam sannu da ƙoƙari, na karanta tambayarka. Kace kana da tsohuwar tarakta mai ƙarfin doki kusan 40, ka samu injin ɗaure ciyawa na hannu, wanda aka taɓa aiki dashi, irin mai fitar da ƙananan dami masu kusurwa huɗu, amma mutane nata ce maka taraktar tayi ƙarama kuma ta tsufa, wai sai ka nemi babba. Toh a taƙaice dai zata iya, ni kaina na shekara da shekaru ina wannan aikin da taraktar da ta girme ni. Sai dai gaskiya ƙarfin dokin nan da kowa ya kama yana magana a kai shine ƙaramin abu a cikin lissafin. Abinda zai sa kaji daɗin aikin ko kasha wahala shine irin kulocin taraktar da yadda shaf ɗin bayanta, wanda yake juya injin ɗaure ciyawar, yake samun juyi, sai ko tana da giya mai tafiyar hawainiya, sai nauyin jikinta. Baka faɗi samfurinta ba, don haka zan ɗan zagaya.

Maganar ƙarfi tukunna don mu ajiye ta. Ƙananan injinan nan irinsu New Holland 268 da 273, ko John Deere 24T da 336, ko Massey Ferguson 124, dama a zamanin ƙananan taraktoci aka ƙera su, doki 35 a shaf ɗin baya ya ishe su. Dalili kuwa ba injin tarakta ne yake danna ciyawar kai tsaye ba. Akwai ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi a jikin injin, fulawil kenan, shi yake tara ƙarfi yana sakinsa duk lokacin da fistin, wato ƙarfen da yake tura ciyawa cikin ɗakin da ake matse dami, ya daki ciyawa ya yanka ta. Aikin taraktar kawai ta riƙe faifan nan yana juyi yadda ya kamata. Shi yasa zakaga Massey Ferguson 135, wadda aka yi ta yi daga 1964 zuwa 1975 da injin Perkins mai silinda uku, tana jan irin wannan injin daga safe har yamma ko gezau.

Yanzu kan babbar maganar. Shaf ɗin baya, wanda zakaga an rubuta PTO a jikin libarsa, kala uku ne a tsofaffin taraktoci kuma dole kasan wanne gareka kafin ka biya kuɗin injin. Na farko shine wanda yake samun juyi daga cikin giyabos, irin na Ford 8N da aka yi daga 1947 zuwa 1952 da Ferguson TE20. A wannan in ka taka kuloci komai ya rabu da injin, taya da shaf gaba ɗaya. Na biyu mai kuloci hawa biyu, in ka taka rabi taya ta tsaya shaf na cigaba da juyi, in ka kai shi ƙasa shima ya tsaya, yawancin 135 haka suke. Na uku mai zaman kansa, liba daban gareshi babu ruwansa da ƙafarka. Gwajin ba wuya, ka tada tarakta a fili ba komai a bayanta, kasa shaf ɗin, ka shiga giya ta ɗaya, sai ka taka kuloci a hankali kana waiwaye. In taya ta tsaya shaf na juyi toh ka dace.

In kuma na farkon gareka, ka saurare ni da kyau don a nan ne mutane suke jin ciwo. Ka taka kuloci ka raba injin da giyabos, amma shaf ɗin baya da tayoyin baya har yanzu a haɗe suke ta cikin giya, shi kuma faifan can mai nauyi bai san ka taka komai ba, juyinsa yake. Sai ya koma shine yake tura taraktar gaba. Ya taɓa faruwa dani a farkon fara aikina, na kai ƙarshen layi akwai kwari a gabana, na taka kuloci na taka birki da duk ƙarfina amma tarakta sai tafiya take kamar an turo ta daga baya, Allah ne ya kiyaye na karya kan sitiyari na bi gefe, wallahi ranar ƙafata rawa ta dinga yi har na koma gida. Maganinsa wani ɗan ƙarfe ne da ake sawa a bakin shaf ɗin tarakta, yana watsa juyi ta hanya ɗaya kawai, in injin da ke bayan yafi tarakta gudu sai ya saki yana ƙas ƙas ƙas. Injinan ɗaure ciyawa da yawa suna da irinsa a jikinsu kusa da faifan, amma kar ka ɗauka yana aiki don yana nan, tsatsa tana kama haƙoransa. Ka riƙe shaf ɗin injin ka juya faifan da hannu ta inda yake juyawa in ana aiki, in kaji ƙas ƙas kuma shaf bai biyo ba toh lafiya lau. In ya biyo, a kwance shi a wanke kafin a shiga gona.

Ko da ka magance turin, akwai wata wahalar da ta rage wa mai irin wannan shaf ɗin. In ka iso inda ciyawa tayi tudu, mai kuloci hawa biyu rabi zai taka ya tsaya injin ya haɗiye abinda ke bakinsa sannan ya cigaba. Kai baka da wannan damar, kana takawa injin ya fara mutuwa da ciyawa cike a maƙogwaronsa. Dabarar da muke yi itace ka taka kuloci ka fizge giya zuwa firi ka saki kuloci nan take, kafin faifan ya rage gudu. Hannu yana sabawa, amma yini guda a haka ƙafar hagu tana faɗa maka.

Sai maganar totur, kuma nan ne sababbin shiga suke yin kuskure mafi yawa. Injin nan an yi shi ne don shaf mai juyi 540 a minti ɗaya, mai haƙora shida, kaurinsa inci 1 da 3/8. In taraktarka irin tsohuwar Ford ɗin nan ce zaka iya tarar da siririn shaf mai inci 1 da 1/8, gara a canza shaf ɗin gaba ɗaya da a dinga ɗora masa hula. A agogon injin tarakta zakaga alamar inda ake samun 540 ɗin, a 135 mai dizal wajen 1,700 ne, a 8N wajen 1,500. Mutum sai yaga tarakta tsohuwa ce yaji tausayinta ya rage totur, wai kar ya wahalar da ita. Wannan tausayin shine yake wahalar da ita. In gudu ya ragu faifan bashi da ƙarfin da zai ratsa ciyawar, sai dukan ya dawo ta shaf ya shiga giyabos da kuloci, bol ɗin tsaro da ke jikin faifan, wanda aka yi don ya karye in nauyi yayi yawa, yayi ta karyewa, dami kuma ya fito sakwa-sakwa. Ka ajiye totur a kan alamar ka barshi a nan. In kana son rage tafiya, da giya ake ragewa. In agogon ya mutu kamar yadda yake a yawancin tsofaffin, ka ƙirga dukan fistin a minti ɗaya injin yana juyi ba ciyawa, ka gwada da abinda littafin injin ya faɗa. Tsofaffin suna yin sittin da wani abu, John Deere 336 yana yin 80, na baya-bayan nan suna haura 90.

To kaga inda giya mai tafiyar hawainiya ta shigo. Tunda totur a kafe yake, in giyarka ta ɗaya tana da sauri to ciyawa zata dinga shiga fiye da yadda injin zai iya ci. Wannan itace matsalar 8N ta gaske, ba wai ƙarfinta da bai kai doki 30 ba, giyarta ta ɗaya tayi sauri. Mai 135 yana da ƙaramar liba ta sama da ƙasa, yana da zaɓi. In baka da zaɓin, sai ka gyara daga wajen tara ciyawar, wato ka daidaita layin da taraktarka tun lokacin da kake tarawa. Kayi layi siriri, mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kar ka haɗa layi biyu wuri ɗaya don kana son ka gama da wuri. Ni a wajena rabin aikin ɗaure ciyawa a hannun mai tarawa yake, layi in ya fito tudu da kwari ko sabuwar tarakta ce sai ta baka dami wani dogo wani gajere. Yadda zaka gane tafiyarka tayi daidai, ka ƙirga duka nawa fistin yake yi tsakanin ƙulli da ƙulli. A dami mai tsawon santimita 90, duka 12 zuwa 15 shine daidai. In kana samun 8 ko 9 kana cusa masa da yawa, ka sauko da giya. In ya haura 20 kana ɓata mai da lokaci, ka ƙara giya ko ka kauraro layin.

Wani abu ga masu Massey, libar shaf ɗin tana da ɓangare biyu, ɗaya yana bin gudun injin ɗaya yana bin gudun taya. Kar ka kuskura kasa a na taya, don a nan in ka ja da baya shaf ɗin ma baya zai juya. Kuma in taka mai Multi-Power ce, wato libar da take ƙara ko rage gudu ba tare da taka kuloci ba, ka sani in tana ƙasa injin baya riƙe ta a gangara, sakin ta yake ta tafi. Da kaya a baya a gangara kullum a sama take zama.

Wannan ya kawo mu nauyi. Injin ɗaure ciyawar kansa yana haura tan ɗaya, ita kuma 8N bata wuce nan ba sosai, kaga kenan abinda kake ja ya kusa kai nauyin abinda kake kai. A shimfiɗaɗɗen fili ba damuwa, sai dai zakaji duk dukan fistin taraktar tana rausaya gaba da baya, wannan ba lalacewa bane haka abin yake. Amma a gangara labari ya canza, busasshiyar ciyawa santsi gareta a ƙarƙashin taya, birkin tsofaffin nan kuma sau da yawa mai ya jiƙa shi ta wajen sil ɗin aksul. In ka ƙara tirela a bayan injin ana loda dami, kowanne kilo 18 zuwa 25, kafin ka ankara ka tara wani tan biyu a baya. Da ƙaramar tarakta ni shawarata ka bar damin ya faɗi ƙasa ka dawo ka kwashe daga baya. Ka gyara birki duka biyun su kama daidai, kasa ruwa ko ƙarfe a tayoyin baya, kuma ka zaɓi giya tun kafin ka fara gangarowa, ba'a canza giya a tsakiyar gangara.

Wajen haɗawa kuma, a ƙarfen ja na ƙasa ake ɗaurawa, wanda ya fito daga ƙarƙashin cikin tarakta, a kulle shi kar ya dinga lilo. Daga ƙarshen shaf ɗin tarakta zuwa tsakiyar ramin fin ɗin da ke ƙarfen ja inci 14 ne ƙa'ida ga mai juyi 540, wajen santimita 35 da rabi. Ba don ado aka sa wannan awon ba, shine yake sa kuros na gaba da na baya, wato gaɓoɓin shaf ɗin, su raba kwana daidai in kana juyawa. In ya kauce zakaji shaf yana kakkarwa a kowace kwana, kwana kaɗan kuros ya tafi. Ka tuna in ka ƙara ɗan ƙarfen nan mai sakin juyi a bakin shaf, ya ƙara masa tsawo, dole ka jawo ƙarfen ja baya ka sake awo, kuma ka duba shaf ɗin injin yana da sauran wurin shigewa in an karya kwana, in babu zai tokare ya tura cikin giyabos, wannan ɓarna ce babba. Hannayen ɗaga garma guda biyun nan ka ɗaga su sama ka ɗaure ko ka cire su, na sha ganin sun lanƙwasa shaf. Fin ɗin ma ya cika ramin, in yana da wasa duk dukan fistin sai ya ƙara cin ramin.

Shi kansa injin tunda na hannu ne, kar ka haɗa shi da tarakta sai ka juya shi da hannu tukunna. Ka cire tsohuwar ciyawar da ke ciki, ka saki abin ƙullin, ka juya faifan a hankali kana kallon allurai biyun nan da suke kawo igiya daga ƙasa. Dole fuskar fistin ta riga ta wuce kan alluran kafin su shigo ɗakin, su bi ta cikin tsagar jikinsa. In sarƙa ta saki ta tsallake haƙori ɗaya taimin ya kauce, fistin zai tura ciyawa ya karya allurai. Akwai wani ƙarfen tsaro da yake shiga gaban fistin ko hannunsa in allurai basu koma mazauninsu ba, ka tabbata sifirin ɗinsa na nan kuma yana motsi, don shine yake sa bol mai araha ya karye a madadin allura. Shi bol ɗin tsaron da ke jikin faifan, ka sayi irin wanda littafin ya ce ka zuba guda goma a akwatin kaya. Don Allah kar kasa wanda yafi shi tauri don ka gaji da canzawa, an yi shi ne don ya karye. In yana yawan karyewa akwai dalili, ko wuƙar fistin ta dakushe, ko ratar da ke tsakaninta da wuƙar jikin ɗaki ta buɗe, bai kamata ta kai milimita 1 ba, ko ciyawa da danshi, ko ka matse bayan ɗakin inda dami yake fita da yawa, ko totur ɗin nan da na faɗa. Wasa wuƙar nan kaɗai yana rage wa ƙaramar tarakta nauyi sosai, zakaji a ƙarar injin.

Abin ƙulli kuwa mutane tsoronsa suke kamar aljani, alhali in ka kalli igiyar da ta kwance ita zata faɗa maka laifin. In ƙulli yana makalewa a ɗan ƙarfen nan mai kamar bakin tsuntsu da yake juyawa yana ƙulla igiya, ko tsatsa ce ko ƴar wuƙar yankan igiya bata da kaifi, musamman in igiyar roba kake sawa. In ƙarshen da aka riƙe ya zame ba ƙulli a jikinsa, mariƙin igiyar ya saki ko damin ya matsu fiye da kima. In kuma wanda allura ta kawo ne ba ƙulli, duba ko allurar tana ajiye igiya a tsagar ɗan faifan riƙe igiya, sannan ka leƙa ƴan haƙoran nan da suke riƙe ciyawa kar ta dawo baya bayan fistin ya janye, sifirin ɗinsu yana karyewa ba wanda ya lura. Abu ɗaya zaka taɓa a lokaci ɗaya, kwatan juyi na sifana, ka gwada. Wanda ya kama noti biyar ya murɗa lokaci guda shi da kansa ya ɓatar da hanya. Ranar farko kuma ka sassauta matsin baya har sai dami goma ko ashirin sun goge tsatsar ɗakin, sannan ka dinga ƙarawa kaɗan kaɗan.

Taraktar ma tana da nata. Aikin nan a tsakiyar zafi ake yinsa cikin ƙura da ƙaiƙayi, lagireto yana toshewa ta waje cikin awa biyu, ka dinga tsayawa kana share ragar gaba, ka wanke matatar iska. Gwamna, abin da yake daidaita gudun injin tarakta, in ya gaji zakaji injin yana hawa yana sauka da kowane duka, a duba shi. Ƙaiƙayi yana taruwa kusa da salansa, boris da ya ƙone a jikin injin ma yana tada wuta, ka rataya tukunyar kashe gobara inda hannunka zai kai.

Danshin ciyawa kar ya haura kashi 20 cikin ɗari in ƙananan dami ne, 15 zuwa 18 yafi kwanciyar hankali. Ɗanyar ciyawa tana wahalar da fistin, sannan in ka jibge ta a rumbu tana ɗaukan zafi da kanta, in zafin cikin ya kai digiri 65 zuwa 70 an shiga haɗari, gobara take zama. Ka ɗebo daga ƙasan layi ka murɗa da hannu biyu, in kara yana karyewa kuma ba sanyi a tafinka toh ta yi.

In wani ya baka shawarar mai naɗe ciyawa kamar ganga, da wannan taraktar ni bazan baka goyon baya ba. Yana son ƙarfi fiye da haka, yana son bakin haidirolik a baya don buɗe ƙofa wanda tsofaffi da yawa basu da shi, wasu suna son wutar bolt 12 alhali akwai tsofaffin da har yanzu 6 suke, ga damin kansa ɗaruruwan kilo ne sai da abin ɗagawa.

Abu ɗaya da nake roƙonka, juyi 540 a minti sau 9 kenan a daƙiƙa ɗaya, kafin ka ja hannu riga ta gama naɗewa. Murfin shaf ɗin in ya fashe ka canza, kar kasa babbar riga ko rawani mai jela, kar yaro ya hau. In ciyawa ta toshe bakin, cire shaf daga giya, kashe tarakta, zare makulli, sannan ka tsaya ka jira faifan ya tsaya cak da idonka, don yana cigaba da juyi shiru bayan injin ya mutu kuma fistin da wuƙarsa suna tafiya tare dashi. Kayi gwajin kulocin nan da na faɗa, ka duba lambar samfurin a jikin taraktar da ta injin ka turo min, sai in faɗa maka giyar da zaka fara da ita.